Ruwa, Mai da Ƙwallayen Laka: Kundin Aikin Darasin Karkatar Caji

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Yau na gama duba takardun gwajin da na yi wa 'yan aji biyu na babbar sakandare, kuma abin da na gani a ciki ne ya sa na buɗe wannan kundi. Tambaya ta huɗu cewa ta yi: tsakanin ruwa, H₂O, da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, CO₂, wanne ne ke da ɓangaren fositif da ɓangaren negatif? Kusan kowa ya ce ruwa, kuma daidai ne. Wurin da aka ce a kawo dalili kuwa sai takardu suka yi fari fat. 'Yan ƙalilan da suka yi ƙoƙari sun rubuta cewa oksijin ya fi haidirojin ƙarfin jan ilektaron. Haka ne. To amma ai oksijin ya fi kabon ja shi ma, kuma har guda biyu ne a cikin CO₂. Me ya hana ita karkata? Nan kowa ya cije.

Laifin ba na yara ba ne. Shekara da shekaru ina zana musu molekul, wato atam da suka haɗu suka zama ƙwayar sinadari ɗaya, a kan allo, allo kuwa a shimfiɗe yake kamar faifai, alhali molekul abu ne mai gaba da baya da sama da ƙasa. Yaron da bai taɓa riƙe siffar a hannunsa ba, ba abin da ya rage masa sai ya haddace, ya zubar a takardar WAEC, ya manta.

Abu biyu nake son yi kafin azumi. Na farko akwatin kayan nuni da za a haɗa da abin da ake samu a Katsina, na biyu ɗan ƙaramin bayani da Hausa wanda yaro zai karanta a gida kafin ya shiga littafin Turanci. Marigayi Umaru Musa 'Yar'adua kimiyyar sinadarai ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kuma koyar da ita kafin ya shiga siyasa. Nakan tuna wa yara wannan duk sanda suka ce darasin ba na 'yan garinmu ba ne.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Kwana uku ina fama da kalmomi. Abin da Turawa ke kira folariti na sa masa suna karkata, domin kowa ya san yadda kaya ke karkata a bayan jaki in mangala ɗaya ta fi nauyi. Daifol momen kuma, wato adadin da ke nuna girman abin, na kira shi awon karkata. Haɗin da ke tsakanin atam biyu ɗauri ne.

Misalin da zan fara da shi na samo shi ne daga gidanmu. Yara biyu suna cin tuwo a kwano ɗaya. In sa'o'in juna ne, kwanon yana tsakiya, haka H₂ da O₂ da Cl₂ suke, babu mai rinjaye. In ɗaya yaya ne mai ƙarfin hannu, sai ya ɗan jawo kwanon gabansa. Ƙanen bai daina ci ba, sai dai hannunsa ya yi nisa. Haka HCl yake: ilektaron biyun na su biyu ne, amma sun fi zama a wajen kulorin, sai wajen ya ɗan zama negatif, δ−, wajen haidirojin ya ɗan zama fositif, δ+. In kuwa yayan ya fizge kwanon ɗungurungum ya tafi da shi, an bar maganar tarayya ke nan, an shiga irin ɗaurin gishiri, NaCl.

Ƙarfin hannun yana da ma'auni. Linus Pauling na Amurka ne ya fito da shi a 1932. A ma'auninsa fulorin ne sarkin ja da 3.98, sai oksijin 3.44, kulorin 3.16, naitirojin 3.04, kabon 2.55, haidirojin 2.20. Zan sa kafinta ya yanko mini falle ɗaya na filawud in rubuta waɗannan da fenti, a rataye a aji. Abin da nake son ido ya saba da shi shi ne tazarar kabon da haidirojin 0.35 ce kacal, ta oksijin da haidirojin kuwa 1.24. Rabin labarin ruwa da mai yana cikin waɗannan lambobi biyu.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Na je wurin wani dattijo mai ginin tukwane da randuna, na ce ina son ƙwallaye na laka, manya kamar lemun tsami, ƙanana kamar aduwa. Ya dube ni ya ce, “Malam, mi za ka yi da su? Harbin tsuntsu?” Na ce, “A'a Baba, karatu za a yi da su.” Da na ce masa kowace ƙwallo sai an huda ta a wurare daban-daban kuma kusurwar hudar ita ce aikin, sai ya gyara zama ya ce in nuna masa.

Na layi ɗaya mai digiri 180 ba wuya, ka soka tsinke ya fita ta baya. Na digiri 120 ma da furotirakta aka gama. Wahalar tana wajen kabon mai ɗauri huɗu, inda kowace huda take nesa da 'yar'uwarta da digiri 109.5, kuma ba a shimfiɗe suke ba. Da ido muka fara, duk suka fito a karkace. Da dare na tuna wata dabara ta lissafi: in ka sami akwati mai ɓangarori shida daidai wa daida, irin siffar ƙwayar ludo, ka ɗauki lungunansa huɗu kana tsallake ɗaya, layukan da suka taso daga waɗannan lunguna zuwa tsakiya digiri 109.5 ne tsakaninsu. Na yanka kwali na haɗa ɗan akwatin, na buɗe lungunan huɗu, muka sa ɗanyar ƙwallo a tsakiya muka soka wayar ƙafar keke ta kowane lungu. Ta fito cif. Baba ya juya ta a hannu ya ce, “Wannan ai murhu ne mai duwatsu ukku da tukunya bisa.” Ban taɓa jin wanda ya kwatanta siffar da kyau haka ba, na kuma rubuta maganarsa a cikin bayanin.

Talata, 3 ga Disamba

Asara. Na yi gaggawa na shanya kashin farko a rana a kan rufin kwano, iskar hunturu ta busar da bayansu cikinsu na ɗanye, fiye da rabi suka tsage ta bakin hudar. Baba ya ce dama a inuwa ake barinsu a rufe da jiƙaƙƙen buhu su sha iska sannu a hankali, sa'annan a gasa. Mun sake kwaɓa laka. Tsinken tsintsiya ma na bar shi, karyewa yake yi, wayar keke ta fi, mai gyaran keke na bakin layinmu ya tara mini tsofaffi kyauta.

Launi: oksijin ja, haidirojin fari, kabon baƙi, naitirojin shuɗi, kulorin kore, kamar yadda aka saba a littattafai, don kada yaro ya rikice in ya je jami'a.

Jumma'a, 20 ga Disamba

An yi hutu, na sami sararin zama kan lissafin. Awon karkata shi ne girman cajin da ya rabu a ninka da tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu, μ = q × d. Ana auna shi da dibai, alamarsa D, sunan Peter Debye ɗan ƙasar Holan wanda ya fara aikin a 1912, aka ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1936. Dibai ɗaya daidai yake da 3.336 × 10⁻³⁰ na kulom-mita, kulom kuwa shi ne ma'aunin caji.

Ina son yara su yi wannan lissafi da hannunsu. Tsawon ɗaurin HCl fikomita 127 ne, wato 1.27 × 10⁻¹⁰ na mita, cajin ilektaron ɗaya kuma 1.6 × 10⁻¹⁹ na kulom. Da a ce kulorin ya ƙwace ilektaron ɗin gaba ɗaya, da awon ya kai wajen 6.1 D. Abin da aka auna kuwa 1.08 D ne. In ka raba, ka sami kusan kashi 18 cikin ɗari. Ma'ana yayan ya jawo kwanon, amma bai kai ko kashi ɗaya cikin biyar na hanyar ƙwacewa ba. Jerin 'yan gidan su kulorin ma, wato fulorin da buromin da aidin, yana tafiya yadda ake zato: HF wajen 1.8, HCl 1.08, HBr wajen 0.8, HI 0.44. Ƙarfin ja na raguwa, karkata na raguwa, duk da ɗaurin yana ƙara tsawo.

Sai babbar magana, wadda saboda ita aka fara aikin. Karkata tana da girma, tana kuma da alƙibla, don haka ba a tara ta kamar kuɗi. Na daɗe ina neman misali har sai da ɗan garuwa ya wuce ta ƙofar gida, ba mai kura ba, na da, mai sanda a kafaɗa da garwa biyu. Kowace garwa tana jan sandar ƙasa da ƙarfi, amma sandar ba ta karkata, domin nauyin daidai yake gaba da baya. CO₂ ke nan. Kabon a tsakiya, oksijin a dama, oksijin a hagu, digiri 180. Kowane ɗauri a karkace yake, jimillar kuwa sifili.

Ruwa kuwa shanun huɗa ne. Bijimai biyu, ɗaya ya ɗan buɗe dama ɗaya ya ɗan buɗe hagu, amma dukkansu gaba suka nufa, garma kuwa sai ta bi tsakiyarsu. Molekul ɗin ruwa a lanƙwashe yake da digiri 104.5, saboda oksijin yana da tagwayen ilektaron guda biyu da ba su shiga ɗauri ba, suna zaune a kansa suna danne ɗaurin biyu. Awon kowane ɗaurin O–H wajen 1.51 D ne. Rabin kusurwar 52.25, kosain ɗinsa 0.612. Biyu sau 1.51 sau 0.612 ya ba da 1.85 D, wanda shi ne awon karkatar ruwa. Da a miƙe ruwa yake kamar CO₂, da kosain ɗin 90 za a ɗauka, da sifili za a samu, da kuma gishiri bai narke a miya ba. Na zauna ina kallon wannan lissafi na layi ɗaya har aka kira la'asar.

Litinin, 13 ga Janairu 2025

An dawo. Kafin in fito da ƙwallaye na fita da aji filin makaranta. Na kawo zoben ƙarfe da robar tiyub ɗin keke da na yanka dogo-dogo na ɗaura a jikinsa, na dasa turke a ƙasa na sa zoben a saitinsa. Yara biyu suka ja, ɗaya gabas ɗaya yamma, zobe bai bar kan turke ba. Na ce su matso su yi kusurwa kamar bakin almakashi, nan take zobe ya bar turke ya bi su. Uku suka tsaya a zagaye da tazara ɗaya, zobe ya dawo kan turke, na ce wannan BF₃ ne, sifili. Na cire ɗaya daga cikin ukun na sa ƙaramin yaro a madadinsa, zobe ya gudu wajen manyan biyun.

Sai da na ja musu kunne cewa a cikin molekul ba atam ɗin tsakiya ne ke tafiya ba, gajimaren ilektaron ne ke komawa gefe. Zoben yana nuna mana inda jan ya rinjaya ne kawai.

A aji na raba su rukuni-rukuni, yaran sun haura sittin, akwatin bai isa ba sai da aka yi karɓa-karɓa. Suka haɗa CH₄, suka haɗa CCl₄. Wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta cire kulorin ɗaya daga CCl₄ ta sa farar ƙwallo, ta ɗaga ta ce, “Malam, yanzu ai murhun ya karkace, ukku shina ja ƙasa, na bisa ba ya da ƙarfi.” Na ce wannan da ke hannunki sunansa kulorofom, CHCl₃, awonsa 1.04 D, wanda kika rushe kuwa sifili ne. Ba ta ce komai ba, ta ci gaba da juya shi.

Alhamis, 16 ga Janairu

Ranar kwalabe. Na tara tsofaffin kwalaben magani na wanke. Ruwa da kananzir: kananzir ya hau sama, an girgiza, sun sake rabuwa. Gishiri ya ɓace a ruwa, ya kwanta a gindin kananzir ko gezau. Man gyaɗa ya shige cikin kananzir kamar dama can tare suke. Sifirit ya gauraya da ruwa.

Wanda ya fi ɗaukar hankali shi ne na zoɓo da manja. Na zuba ruwa da kananzir a kwalba biyu. A ta farko na ɗiga ruwan zoɓo, jan ya sauka ƙasa ya zauna a cikin ruwa, kananzir bai ɗauki ko ɗigo ba. A ta biyu na ɗiga manja, kananzir ya zama ruwan goro, ruwan ƙasa ya tsaya garau. Dukkansu ja ne a ido, amma launin zoɓo molekul ne mai O–H da yawa a jikinsa, launin manja kuwa karotin ne, C₄₀H₅₆, kabon da haidirojin zalla, masu tazarar nan ta 0.35. Na nuna musu allon filawud. Sai na ɗiga aidin na ciwo da na saya a kyamis a kwalba ta uku na girgiza. A cikin ruwa launin ƙasa-ƙasa yake, da ya haura cikin kananzir ya koma shunayya. I₂ atam biyu ne iri ɗaya, kwano a tsakiya, don haka ya fi sakewa a cikin kananzir.

Wani yaro ya ce ashe ruwa da mai gaba suke yi. Na ce masa ba ƙiyayya ba ce. Molekul ɗin ruwa sun riƙe junansu ne gam, δ+ na wannan a jikin δ− na wancan, mai kuwa ba shi da abin da zai ba su da zai sa su saki juna su ba shi wuri, sai su matse shi waje.

Na kulle kananzir a ofis da kaina bayan darasi, na kuma hana kowa zuwa da ashana kusa. Na manta ban sa wannan gargaɗi a cikin bayanin ba, yau na ƙara shi a shafin farko.

Asabar, 25 ga Janairu

Wannan makon ya girgiza ni, zan rubuta shi dalla-dalla.

Ranar Talata na yi gwajin matsefi, wato a goga roba ta ɗauki caji a kawo ta kusa da zaren ruwa, sai dai ni da bututu na yi maimakon matsefin. Hunturu ne lokacinsa, iska a bushe, irin lokacin da mutum ke jin tsit in ya taɓa ƙofar mota, bargo na tartsatsi da dare. Da damina caji ba ya zama a jikin roba, laima ke kwashe shi. Na huda ledar fiya wata da allura, ruwa ya zubo siriri kamar zare. Na goga guntun bututun roba na famfo a jikin hular sanyi na kawo kusa, zaren ruwan ya lanƙwaso wajen bututun kamar an kira shi. Aji ya ɗauki sowa. Na gwada da kananzir daga sirinji, da ƙyar ya motsa. Na ba su bayanin da na gada: molekul ɗin ruwa sun juya ɓangarensu na fositif wajen bututun mai negatif, shi ya sa aka jawo su.

Malamin fiziks yana tsaye a bakin taga. A ɗakin malamai ya ce, “Malam, gwajin ya yi kyau, amma bayanin bai cika ba.” Raina bai so ba da farko. Ya ɗauki alli ya zana mini. Ruwan leda ko na famfo yana ɗauke da gishiri-gishiri narkakku, wato ayon masu caji da ke yawo a sake. In bututu mai negatif ya matso, masu fositif sukan taru a gefen da ke kusa da shi, masu negatif su gudu baya, sai zaren ruwan kansa ya ɗauki caji. Wannan jan ya fi na juyawar molekul ƙarfi nesa ba kusa ba. Su molekul ɗin kuma zafi ba ya barinsu su tsaya, kullum cikin birgima suke suna karo da juna, ƙarfin bututun roba bai isa ya jera su sahu ba sai ɗan kaɗan. Kananzir bai motsa sosai ba ne domin caji ba ya iya tafiya a cikinsa.

Na kwana biyu ina bincike, na tarar gaskiyarsa. Karkatar ruwa tana da hannu a ciki, domin ita ce ta sa gishirin ya narke ya rabu tun farko, amma lanƙwasar zaren ba hujja ce kai tsaye ta awon karkata ba. Abin da ya ƙara burge ni shi ne wannan birgimar ta zafi ita ce Debye ya yi amfani da ita. Ana sa sinadarin a tsakanin faranti biyu na ƙarfe masu caji, a auna yawan cajin da farantan za su iya riƙewa. Molekul masu karkata sukan ɗan juya su taimaka, amma in aka ƙara zafi taimakon sai ya ragu. Marasa karkata kuwa zafi bai cika canza nasu ba. Daga yadda abin ke raguwa ake fitar da awon. Ruwa yana ninka abin da farantan ke riƙewa kusan sau 80, kananzir wajen sau 2.

Ranar Alhamis na tsaya gaban aji na ce bayanin da na ba su shekaranjiya da gyara, na kuma gayyaci malamin fiziks ya yi musu da bakinsa. Na yage shafi na tara na sake rubuta shi. Gwajin yana nan a cikin akwatin, da sabon bayani.

Mun kuma gano wani saɓani. Ni ina zana kibiyar karkata daga fositif zuwa negatif da ɗan gicciye a wutsiya, kamar yadda littattafan kimiyyar sinadarai suka saba. Shi a fiziks daga negatif zuwa fositif yake ja. Yaran nan ɗaya ne suke shiga ajinsa suke shiga nawa, ba wanda ya taɓa faɗa musu. Mun yarda kowa zai ambaci na ɗan'uwansa.

Talata, 4 ga Fabrairu

Na kai wa Inna ziyara na tarar tana wanke tukunyar miya da sabulun salo. Ta ce, “Kai da kake ta fama da ruwa da mai, to mi ya sa sabulu ke sasanta su?” Na ce, “Inna, ɗan sabulu kamar ɗan tsakani ne mai dangi a gida biyu. Kansa mai caji ne, ruwa na sonsa. Wutsiyarsa doguwa ce ta kabon da haidirojin, irin jikin mai. Sai su kewaye ɗigon maiƙo, wutsiyoyi a ciki kawuna a waje, ruwa ya kama kawunan ya tafi da su duka.” Ta ce to ai shi ya sa tun kakanni da mai da ruwan toka ake dafa shi, dole ya san gidan kowa. Na sa wannan hira a bayanin yadda take.

Randarta ma ta ba ni shafi. Ruwa nauyin molekul ɗinsa 18, yana tafasa a digiri 100. Misen, CH₄, nauyinsa 16, kusan ɗaya, amma yana tafasa a wajen digiri 162 ƙasa da sifili. H₂S, ɗan'uwan ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya fi ruwa nauyi, awonsa 0.97 D, yana tafasa a digiri 60 ƙasa da sifili. Saboda riƙon da molekul ɗin ruwa suka yi wa juna, duk wanda zai tsere ya zama tururi sai ya ɗebi zafi mai yawa ya tafi da shi. Randa tana tsattsafo ta ƙananan ƙofofin jikinta, abin da ya tsattsafo ya bushe, ya kwashe zafin na ciki. Shi ya sa ruwan randa ke sanyi a watan Afrilu ba tare da wutar lantarki ba.

A nan sai na yi hattara, kada in maimaita kuskuren matsefi. Awon karkata shi kaɗai ba ya faɗin inda abu zai tafasa. CH₃Cl awonsa kusan 1.9 D ne, ya ɗan ɗara na ruwa, amma yana tafasa a digiri 24 ƙasa da sifili. Asiton, wanda ake goge jan farce da shi, awonsa wajen 2.9 D, yana tafasa a 56. Abin da ruwa ya fi su da shi shi ne ɗaurin haidirojin: haidirojin da ke manne da oksijin ƙanƙane ne kuma kusan tsirara, yana iya matsawa dab da tagwayen oksijin na maƙwabci, kuma kowane molekul ɗin ruwa yana iya riƙe maƙwabta har huɗu.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na sake ba su tambaya ta huɗu, na ƙara da SO₂ wadda ban taɓa yi musu ba. Mafi yawa sun fara da zana siffa kafin su amsa, abin da ban gani ba a watan Nuwamba. Da dama sun gane cewa farar wuta da ke tsakiya tana da tagwayen da ba su shiga ɗauri ba, don haka SO₂ a lanƙwashe take, ba kamar CO₂ ba. Awonta 1.63 D. Har yanzu akwai waɗanda da sun ga oksijin biyu sai su rubuta sifili. Su zan zauna da su ranar Asabar da ƙwallaye a hannu.

Ga masu saurin ganewa na ajiye NH₃ da NF₃. Siffarsu ɗaya, murhu ne mai ƙafa uku da tagwaye a sama. Fulorin ya fi kowa ja, don haka duk suka ce NF₃ zai fi karkata. Awon NH₃ 1.47 D ne, na NF₃ kuwa wajen 0.23. Na bar su da shi kwana biyu. Yaron da ya ce ruwa da mai gaba suke yi shi ya warware: a NH₃ ɗaurin uku suna ja sama wajen naitirojin, inda tagwayen suke, ƙarfi ya haɗu. A NF₃ ɗaurin suna ja ƙasa wajen fulorin, tagwayen na ja sama, suna cinye juna.

CO ban sa ta a gwaji ba, awonta ɗan mitsitsi ne, wajen 0.11 D, kuma ɓangaren negatif yana wajen kabon, akasin abin da allon filawud zai sa ka zata. Bayaninta ya wuce matakinsu. Na dai ambace ta don in ce musu ita ce iskar da ke cikin hayaƙin janareto da na gawayi, ba ta da wari ba ta da launi, kada kowa ya kwana da kaskon wuta a ɗaki a rufe.

Bayanin Hausa ya kai shafi goma sha huɗu da hannu, saura a buga a kwamfuta, kuma sai na sami wanda ya iya sa ƙananan lambobin ƙasan haruffa da ƙ da ɗ ba tare da sun watse ba. Wata malama daga Daura ta aiko a tambaye ni ko za ta sami akwati ɗaya, na ce ta bari a gasa kashi na uku. Abin da ya rage a darasin shi ne C₂H₂Cl₂, wanda in kowane kabon na riƙe da kulorin ɗaya yake da fuska biyu: in kulorin biyun suna gefe ɗaya awon 1.9 D ne kuma yana tafasa a digiri 60, in suna gefe daban-daban sifili ne kuma yana tafasa a 48. Wannan yana buƙatar ƙwallayen kabon masu huda biyu kusa da juna don ɗauri mai ninki, da waya mai lanƙwasuwa. Na kai wa Baba zanen jiya, ya ce in dawo ran Alhamis bayan azahar, in taho da kwalin nan.